Tsumma Goma Sha Huɗu

Goma sha huɗu ne.
Na ƙirga su ranar da muka dawo daga likita,
Sahura na takawa a duƙe, hannu dafe da ɗinki,
an ce kada ta ɗauki abin da ya fi jaririyar nauyi.
Shida an yanko su daga tsohon zanen innata,
biyar farin yadi ne na Babbar Kasuwa,
ukun da suka rage sai daga baya na gane su:
rigata ce ta ranar ɗaurin aure.

Ni bakanike ne. Daga tarin babur nake gane ciwonsa.
Ban san kashin jinjiri yana sauya launi ba.

Daren farko na tafasa ruwa na sheƙa musu,
tabo ya zauna daram kamar ya biya haya.
Sai Iya Tsahara ta leƙo ta kan katanga,
goro a kumatu:
"Kai yaro, zafi ɗaure tabo yake yi.
Karkaɗe a masai tukuna, ka bi da ruwan sanyi,
sannan ka jiƙa.
Sabulu kaɗan, ba inji kake wankewa ba.
Jabel kuwa, kada in ji warinsa:
ya ci zare, ya ci fatar da ba ta yi wata ba.
Ɗauraya uku. In ka ga kumfa, huɗu."

Pampon Bagalam yana zuwa lokacin da ya ga dama.
In ya ƙi, in tare ɗan garuwa,
bido biyu, ina lissafi da yatsu cikin daro.

Amma shanya, a bayan ɗaki nake yi,
ƙarƙashin indararo, inda ido ba ya kaiwa.
Namiji da tsumman kashi? A bakin fada?
Kwana biyar suka fara warin hunhuna,
cinyar Baraka ta yi jawur,
ta kwana tana tsala kuka, na kwana ina jin laifina.
Da asuba na kwance igiyar,
na ɗaura ta daga dogon yaro zuwa ƙyauren gida,
tsakiyar fili, inda mai wucewa zai iya ƙirgawa.
Rana ba ta aiki a ɓoye.
Kafin azahar ta lashe abin da sabulu ya bari.

Damina ta zo da nata.
Hadari ya haɗo daga gabas, in yar da sifana,
in bar mai babur da baki buɗe, in sheƙa gida.
Ranar da na makara,
dutsen guga da gawayi, har sha ɗayan dare,
tururi na tashi da ƙamshin da ban san sunansa ba.
Da safe lambatu ya cika da na yarwa,
sun kumbura, suna iyo zuwa gulbi,
akuya na jan ɗaya da haƙori.
Nawa suna ninke cikin kwalla, goma sha huɗu cif.

A fada, Ilu ne ya fara lura.
Ina miƙa hannu in karɓi shayi ya riƙe shi:
"Ina baƙin man ya tafi?"
Shekara goma sha bakwai yana ƙarƙashin farcena,
fetur bai fitar ba, toka ba ta fitar ba.
Na ce, "Baraka ce ta wanke ni."
Aka yi dariya. Ban ƙara komai ba.

Ranar arba'in Sahura ta ce in ba ta daron.
Na ba ta na rana, na riƙe na asuba.

Yanzu saura goma sha uku.
Ɗaya ya sille, har ana hango rana ta cikinsa,
na zanen inna ne, mai ɗigon shuɗi.
Sahura ta ce in kai gareji in riƙa goge hannu.
Na kai.
Yana aljihun gabana, a ninke huɗu.
Ban goge komai da shi ba.