Tsibiri na Huɗu

Ƙarfe bakwai na safe a Palawan,
kwalekwalenmu ya shimfiɗa fukafukan gora
kamar gizo-gizon da ya koyi tafiya bisa ruwa.
Aikina ƙirga kawuna: goma sha ɗaya.
Sha ɗaya za su tafi, sha ɗaya za su dawo,
in ba haka ba Manong Celso ya cinye ni ɗanye.

Na raba musu tabarau na roba,
na nuna yadda ake cizon bututu.
"Ban da numfashi ta hanci.
Kar a taka murjani, rai gare shi.
Kar a shafa kunkuru, ba ɗan gidanku ba ne."
Suka yi dariya. Kullum a nan ake dariya.

A tsibirin farko suka zube a ruwa
tamkar an zazzage buhun lemo,
rigunan iyo na yawo, ƙafafu na dukan iska.
Na biyu rairayi ne zalla, fari fat,
suka yi ta ɗaukar hoton juna
har rana ta dafa musu wuya.

Can ƙarshen jirgi, bayan inji,
babana, Tatay Berting, na juya kifi a kan gawayi
da yatsu bakwai.
Sauran ukun teku ta karɓa
ranar da kwalbar nakiya ta riga shi sakin hannu.
Ba ya ba da labarin. Yana yanka abarba kawai,
yana yi mata tsaga kamar haƙoran zarto.

A na uku wata tsohuwa 'yar Busan,
Hye-sook, wadda ba ta taɓa iyo ba,
ta rungume tayar ceto, ni kuma ina jan igiya.
Ta tsoma fuska sau ɗaya, ta ɗago tana tari,
ta sake tsomawa, ta daɗe.
Kifaye shuɗi, kifaye masu zanen rawaya,
wani ɗan mitsitsi na gadin ƙofar gidansa
da fushin mai unguwa.
Da ta ɗago, ruwa ya taru cikin tabaran,
kuma ba na teku ba ne.

Na huɗu ba ya cikin takardar talla.
Muna wuce shi da sauri, muna ƙara kiɗa.
Yau inji ya yi tari biyu, ya yi shiru
daidai kansa. Tsautsayi ba ya wuce ranarsa.
Manong Celso na zagin kusoshi,
tsohuwar ta leƙa ta gefen gora.

Ƙasa fari ne, amma ba irin farin rairayi ba.
Ƙasusuwa ne birjik,
gari guda da aka rushe da asuba
don a cika kwando biyu.
Ta tambaye ni da hannu: wa ya aikata?

Babana ba ya jin harshenta.
Ya ajiye wuƙa, ya ɗaga hannun nan sama,
ya bar shi a rana har kowa ya gani.

Ban taɓa gaya masa ba
cewa ran Lahadi nakan zo ni kaɗai,
ina ɗaure ɓaraguzai masu rai a jikin rodi
da zaren kamun kifi.
Shekara uku, tsayinsu bai wuce ɗan yatsa ba.
Na nuna wa tsohuwar. Shi ma ya bi hannuna da kallo.

Sai ya tuɓe riga.
Mutumin da ƙafarsa ba ta taɓa ruwa ba
tun ina goye,
ya ɗauki tabaran da ya yi saura,
ya tofa yawu, ya goge, ya sauka a hankali
kamar mai shiga gidan da ake binsa bashi.

Kifi ya ƙone a kan gawayi.
Inji ya tashi, ba wanda ya ce a tafi.
Na tsaya a goshin jirgi ina ƙirga bututai:
tara, goma, sha ɗaya,
na sake daga farko,
sha biyu.