Tamfol a Bakin Ruwan Zamare

Wata uku jirgin na ɗaure a gindin giyayya,
tun ranar da muka kai Baba Tunau makwancinsa.
Ni na naɗe rumfar, ana yayyafi,
na cusa ta ƙarƙashin benci da danshinta.
Wa ke tuna tamfol ranar karɓar gaisuwa?

Yau na warware ta.
Wari ne ya fara yi mini sallama,
irin na rumbun da ruwa ya ci gindinsa.
Sai baƙin ɗigo-ɗigo kamar kashin ƙuda,
wani wurin fari, da gashi-gashi,
kamar tuwon da aka manta a akushi.
Funfuna ta bi kowane ninki ta kafa gari.

Na ja ta zan tsoma a kogi,
Inna Hassi ta ɗago daga kaskon suyar kifi:
"Kai ɗan nan, tsaya!
Ruwa ya kawo cutar, shi za ka fara kira?
Shanya ta tukuna."

Na shimfiɗa ta bisa yashi,
dutse a kowace kusurwa,
rana ta gasa ta har kiran azahar.
Na ɗaure hanci da tsumma, na ba iska baya,
na bi ta da guntuwar tsintsiya.
Ƙura kore-kore ta tashi ta yi gabas.

Gishiri tafi biyu,
lemun tsami goma sha ɗaya, ɗayan ya ruɓe,
ruwan ɗumi a bokitin da muke kwarfe jirgi,
sabulun salo na naira ɗari uku, bashi.
"Bi zare, kada ka gicciya," in ji Inna,
"kuma sassauta hannu. Ta girme ka."

A durƙushe na ci karo da facinsa.
Guda uku, ɗinkin basilla da zaren taru.
Na farko na san shi:
guguwar da ta tare mu tsakiyar ƙetare zuwa Rofiya,
ina kwarfa ina kuka, yana dariya yana riƙe da inji.
Na biyu tabar wani falken albasa ce ta huda,
suka yi ta cacar baki har gaɓa,
suka rabu da goro.
Na ukun ban san labarinsa ba.
Na buɗe baki zan tambaya,
na rufe.

Ɗauraya uku.
Baƙin ruwa ya gangara ya shige ƙarƙashin kainuwa,
Kwara ta karɓa ba ta ce komai ba.
Shuɗin tamfol ya fara leƙowa,
ba na sabo ba,
na rigar da ta ga wanki da yawa.

Saura tabo ɗaya, can baya, gefen dama,
inda yake kamawa in zai miƙe.
Na matsa lemu, na zuba gishiri, na ɗaga soso,
sai na duba da kyau.
Wannan ba funfuna ba ce.
Baƙin mai ne, shatin yatsu huɗu,
na tsakiyan a karkace, wanda ƙugiya ta taɓa ci.
Na ajiye soson.

Hakilu ya zo daga makaranta ya kama mini ɗaya bakin,
muka rataya ta tsakanin gora biyu.
Na goga kakin zuma a bakin kowane ɗinki.
Gobe kasuwa,
buhu tara na jira, da mata biyar, da akuya.

Da la'asar sakaliya yaron ya shafa ya ce ta bushe.
Na ce hannun ɗan ruwa ba ya jin danshi.
Na kara kuncina a jikinta, yadda Baba ke yi.
Da saura.

Bari ta kwana a buɗe.