Taragon Asuba a Sarayebo

Ƙarfe huɗu da rabi na tashi,
gari ya yi fari fat da dusar ƙanƙara.
Senada ta riga ni shiga kicin,
ta ɗora gahawa a 'yar tukunyar tagulla.
Ba ta ce uffan ba, ni ma haka.
Shekara ashirin da biyu muna wannan hirar.

Ruwan alwala ya ciji yatsuna.
Na shimfiɗa dardumar da mahaifiyata ta bari,
wadda gurbin goshinta ya koɗe,
na sa nawa goshin a inda nata ya saba sauka.

Kafin in fita, na leƙa ɗakin yara.
Aidin na barci baki buɗe,
ƙirjinsa na fito kamar buta a kan wuta.
In hayaƙin hunturu ya rufe kwarin nan
nakan tsaya ƙirga numfashinsa,
kamar mai jan carbi yana tsoron tsinkewar zare.
Abin shaƙarsa na ƙarƙashin matashi.
Na laluba. Yana nan.

Lamiya kuwa barci ya sace ta a kan littafi,
na koyon Jamusanci, fensir a hannu.
Aikin jinya take so
a ƙasar da babu kabarin kakarta.
Ni na biya kuɗin darasin.
Ka ji uba: da guminsa ya sayi tsanin
da za a haure masa katanga.

Daga Ilija nake tayar da tarago,
mu bi gefen kogi har tsohuwar kasuwa.
Masu gasa burodi, masu sharar ofisoshi,
kowa ya dunƙule cikin rigar sanyi.
Tsoho Mirsad na kujerar bayana kullum.
'Ya'yansa uku duk sun tsallaka,
a waya yake ganin jikokinsa suna girma.
Yakan miƙo mini hoton a madubi,
in ce masa tubarkalla,
in kawar da ido da sauri.

Ladan ya kira daga kan tudu,
can ƙasa ƙararrawar coci ta amsa,
ni kuma ina tsakani da tawa 'yar ƙararrawa
ina korar tantabaru daga kan layi.
Tarago bai san ɓata ba,
an shimfiɗa masa hanya, ya je ya dawo.
Wa ya taɓa shimfiɗa wa ɗa layin dogo?

Da la'asar na dawo da burodi mai zafi a hammata.
Aidin ya tare ni a matakala,
haƙori ɗaya a tafin hannu, yana haki, yana dariya.
Ya karanta mini Fatiha ta wannan giɓin,
iska na tsere masa a kowane harafi,
sannan ya ce, “Babo, mala'iku na jin sanyi?”
Na ce ban sani ba.
Ya ce to a bar musu bargo a baranda.
Senada ta ba shi tsohon nawa.

Muna cin miyar wake
Lamiya ta koya mini kalmarsu ta kewar gida.
Harshena ya ƙi lanƙwasuwa,
suka yi ta dariya har cokali ya faɗi.
Na bar su a kan na kasa ne.

Bayan isha'i na ɗaga hannu:
Ya Ubangiji, aro Ka ba ni, na sani.
Wanda numfashi ke wa wuya, Ka buɗa masa.
Wadda ta ɗaura niyyar tafiya, Ka riga ta isa.
Ni kuma Ka koya mini sakin hannu,
don har yau ban iya ba.

Na fita rufe baranda.
Dusar ta sauka a kan bargon.
Na kakkaɓe shi, na mayar inda yaron ya ajiye.