Almakashin da Na Ƙera

Wanda ake sayarwa ya ce in kawo dalar Amurka da kati,
ni kuwa sefa gare ni, ita ma ta shinkafa ce.
Na kyauta ya ƙi zama a tsohuwar kwamfutata
da na sayo hannu na uku a babbar kasuwar Garwa,
harafi ɗaya ya ɓalle, ina danna gurbinsa da farce.

Yero mai gyaran waya ya ce:
"Ba fura za su ba ka ba, gero ne a zangarniya.
Sussuka taka, surfe naka, daka naka.
In ka iya, ka sha."

Na sauke tushen rubutun da tsakar dare,
lokacin da data ke araha, sauro ke cin kasuwarsa.
Na ba da umarni. Baƙin allo ya amsa da ja:
wane ba ya nan.
Na nemo wane, ya ce ba ya shiga sai da ƙanensa.
Ƙanen ya ce shi ba ya zama da tsohon yayi.
Haka na kwana ina sulhu
tsakanin dangin da ban san kakansu ba,
mai sauti, mai launi, mai kwance hoton da aka matse.

Dare na biyu aka kama gini.
Fanka na kuka kamar babur a hawan tudu,
na ɗora kwamfutar bisa bulo biyu ta sha iska,
zafin Afrilu bai san dare ya yi ba.
Kashi goma sha ɗaya. Talatin da huɗu.
Na leƙa cikin rubutun don rage jira,
na tarar wani, ban san ƙasarsa ba, ya bar saƙo a gefe:
"Ban san dalilin da nan ke aiki ba. Kada a taɓa."
Na yi dariya ni kaɗai.
Ashe su ma da toshiyar tsumma suke tuƙa jirginsu.

Tamanin da bakwai, aka ɗauke wuta.
Wai ruwa ya ja baya a Lagdo, unguwa-unguwa ake raba ta.
Batirin kuwa ya daɗe da rasuwa.
Na zauna a duhu ban zagi kowa ba,
don ban san ta kan wa zan fara ba.

Da asuba ta dawo.
Na maimaita umarnin, gabana na faɗuwa,
sai ga shi ya tsallake duk abin da ya gina jiya
ya ɗora daga inda ya tsaya,
kamar maginin da ya tarar katangarsa ta bushe.
Ɗari.

Taga ta buɗe, ruwan toka, ba kowa ciki.
Na jawo abin da ya sa duk wannan wahala:
minti arba'in da biyu na babanmu Jatau a bakin Binuwai,
bara, kafin ciwon,
yana liƙe kwalekwale, yana nuna mini inda dorina ke kwana,
waya na rawa a hannuna, iska na cin rabin maganarsa.
Uwale ta ce in rage shi zuwa minti biyar
don 'yan'uwa na Kusuri da Njamena su iya saukewa.

Na kai almakashin kan tarinsa. Na fasa.
Na kai shi inda ya yi shiru yana neman sunan wani kifi,
to, shirun nan ma ai shi ne.
Sai inda ya ce, "Kai, kashe abin nan, riƙe mini igiya,"
na manta ban kashe ba,
hoton ya koma yashi da ƙafafunmu har minti shida.

Kwana uku ina ƙera almakashi.
Ga shi da kaifi, ba abin da ba zai yanka ba.
Rana ta fito, fanka ta huce,
mai ƙosai ta fara kira a bakin layi,
ni ina kallon ƙafafun nan huɗu a cikin yashi,
ban yanke ko ƙiftawar ido ba.