Awon Tela

Shekara talatin ina auna mutane:
kafaɗa, ƙirji, tsawon hannu.
Ban taɓa auna sama ba
sai da Barira ta tafi karatu.

Bayan an tashi 'yan firamaren Garun Gabas
na roƙi Malam Ɗahiru ya buɗe min ofis.
Taswira na rataye a bango,
gara ta cinye ƙasa biyu ta can kudu.
Na zaro tef daga wuyana,
na danne bakinsa a kan Kano da babban yatsa,
na ja shi gabas,
ya tsallake Bahar Maliya, ya faɗa wani ruwa mai faɗi,
ya tsaya a Kuwala Lumfur.

Inci goma sha ɗaya.
Hannun rigar ɗan yaye ke nan.

Malam ya yi dariya.
Ya ce, kilomita dubu goma da ɗoriya ne, tela,
in an miƙe ta sama,
ba kwana, ba gada, ba shingen 'yan sanda.
Na ce, mai da min shi kamu.
Ya daddanna waya, ya girgiza kai,
ya ce, sai ka kwashe yadin Kantin Kwari.

Ranar da muka raka ta filin jirgi,
motarmu ta mutu a Gujungu wajen dawowa.
Muna zaune a kan benci, direba na ƙarƙashin mota,
ita kuwa ta riga ta wuce ƙasashen
da ban iya faɗin sunansu ba.
Da ta sauka ta kira.
Ta ce, Baba, ƙafata ta kumbura,
alhali ban yi taku ɗaya ba.

Akwai abin da tef bai kama ba.
Rana na riga mu zuwa wurinta da awa bakwai.
Muna kaɗa miya, tana tsakiyar barci.
Mu kwanta, ita ta tashi alwalar asuba.
Har yau Tasalla kan ɗauko kwano biyar,
ta tsaya, ta mayar da ɗaya.

Jiya Barira ta ce min,
su can yamma suke fuskanta in za su yi salla.
Na ajiye almakashi.
Ashe in na kalli gabas na ɗaga hannu,
'yata ce a ɗaya gefen Ɗakin,
tana kallona.

Yanzu ina ɗinka mata rigar Salla,
shadda ruwan ƙasa, irin da take so,
da awon da na ɗauka bara da kaka.
Ban san me shinkafarsu ta yi mata ba,
ko ta rame, ko ta yi kumatu.
Na bar inci biyu a cikin ɗinki,
na naɗe su ta inda ba za ta gani ba.