Gyare a Kunnen Babana

Shekara ashirin da shida babana Tofazzal
yana tsaye a mahaɗar Jatrabari, tsakiyar Daka,
farar safar hannu, usur a baki,
laima idan sama ta kece.
Shi ke cewa tsaya, shi ke cewa wuce,
amma kowa hannunsa na kan oda
kamar da ita ake tura mota.

Bas ta danna, tirela ta amsa,
mai keken fasinja ya kaɗa ƙararrawa,
lasifikar mai maganin basir na ta rantsuwa,
injin fasa bulo na tauna a gindin gada,
duk ta ƙofa biyu suke shiga,
ƙofofin da ba a yi musu marfi ba.
Ido in ya gaji ya runtse. Kunne fa?

An ce in kunne ya ji, jiki ya tsira.
Nasa ya ji, ya ji, ya ƙara ji,
jikin bai tsira ba.

Rediyo ya fara ƙara wa murya.
Sai ya koma yi wa innata Shefali magana
kamar tana tsallaken kogin Buriganga.
Maƙwabta suka shigo rabon faɗa,
ashe gishiri ya ce a miƙo masa.
Dare ya yi, barci ya ƙi,
jijiyar goshinsa na harbawa,
mutumin da bai taɓa ɗaga wa kaza hannu ba
ya yi jifa da kofin shayi
don an ja kujera.

A asibiti likita ta sa masa abin ji a kai,
ta ce in ka ji ƙara, danna nan.
Ya gyara zama, yatsa a shirye,
yana jira a fara.
An gama tuni.
Ta auna jininsa, ta sake aunawa,
ta rubuta ƙwayoyin da zai sha har ƙarshen rai.
Na kunnen ba ta rubuta komai ba.

Da ya ajiye aiki muka sa shi a jirgin ruwa,
kwana guda zuwa ƙauyenmu a Barishal,
inda shinkafa ke tsaye cikin ruwa ba ta ce wa kowa uffan.
Muka ce to, ga shirun da ake binsa bashi.
Tsakar dare ya tashe ni da fitila:
Rokshana, nemo min gyaren nan ki kashe.
Na ɗaga tabarma, na zazzage buhu.
Babu gyare.
Mahaɗar ce ya taho da ita a ka,
ba ta da lokacin tashi daga aiki.

Ranar da 'yata Mithila ta buɗe baki
shi ta fara kira.
Sau uku ta kira,
yana ɗinkin koma, bai waiwayo ba.
Ta zaci fushi yake, ta fashe da kuka.
Kukan ma a fuskarta ya gan shi.

Yanzu da hannu muke hira,
da yaren da ya yi wa motoci hidima:
tafi a buɗe, dakata;
yatsu na kira, abinci ya sauka.
Yana dariya, wai a ƙarshe ya sami masu bin doka.

Jiya na koma Daka karɓo masa magani.
A inda ya saba tsayawa akwai wani yaro,
safarsa sabuwa fil, gashin baki bai gama fitowa ba.
Wata mata na tambayarsa hanya,
na ga ya karkato kai, ya miƙo mata kunnen hagu.
Direbana ya kai hannu zai danna,
na dafa kujerarsa na ce don Allah bari.
Ya waiwayo ya ce, me kika ce?