Iyakar Takarda

A Gawon Nama, bayan la'asar,
fanka na kwashe zafi daga wannan kusurwa zuwa waccan,
ni kuwa ina saƙa shafi a kwamfuta
don ƙungiyar 'yan albasa ta su Kawu Maiɗamma.
Baka a buɗe, baka a rufe,
kowane umarni da ɗan'uwansa mai ja masa ƙyaure.

Shafi ya fito tsaf a allo:
sunan manomi, buhu nawa, na Goronyo ne ko na Wurno,
wa ya biya, wa ya ce a jira shi Juma'a.
Na miƙa wa Kawu waya.
Ya riƙe ta nesa da fuska
kamar an ɗebo masa garwashi a marfin kwano.
"Ke ɗiyag ga, in caji yaƙ ƙare
ina bashina za shi kwana?
Ba ni abin da ni ka naɗewa in sa cikin hula."

Sai na nemo manhajar da ke karanta saƙata
ta zuba ta a takardar bugawa.
Na ce aikin minti biyar ne.

Ashe allo Rima ce a watan Agusta,
ba gaɓa, yatsa na ja, ruwa na zuwa.
Takarda kuwa gonar gado ce,
kunya huɗu, maƙwabci a kowane gefe.
Bugun farko, jadawali ya tsallake iyaka,
kuɗin Bawa Sifawa ya faɗa bayan duniya.
Na biyu, wuƙar shafi ta bi ta tsakiyar layi,
sunan Tumba a sama, buhunanta goma sha ɗaya
sun kwana a shafi na gaba, ba mai su.

Na roƙi manhaja da yarenta:
kar ki raba mutum da kayansa,
in za ki yanka, yanka a gaɓa
yadda mahauci ke yi.
Bar yatsa biyu a hagu saboda ƙusar fayil.
Maimaita kan jadawali a kowane shafi,
mai karatu ba zai koma baya tambaya ba.

Ta ji. Wuta ta ɗauke.
Muka jira janaretan mai walda.

Bugu na uku ne ya ba ni kunya.
Duk harafi mai ƙugiya ya zama akwati fanko.
Ɗanƙane ya rasa kai, ya rasa ƙugu,
Kawu da kansa an huda masa suna a ciki.
Ya ɗora tabarau, ya daɗe yana kallo.
"Mi a wanga? Taga anka yi min?"
Wanda ya zana haruffan nan, can inda yake,
bai taɓa jin an kira ɗan akuya ba.
Na yi ta tono har na samo zubin da ya san mu,
na ɗaure shi cikin fayil ɗin tamau
kamar guzuri a bakin zane,
duk firintar da ya sauka, da ƙugiyoyinsa zai sauka.

An kira magariba, firinta ta yi tari,
ta turo takarda da ɗuminta kamar waina.
Kawu bai ce madalla ba.
Ya bi layi da farce, leɓe na motsi,
ya tsaya kan Ɗanƙane, ya ƙwanƙwasa sau biyu:
"Bakwai na, ba tara ba. Biyu sun ruɓe a mota."
Ya zaro biro, ya soke, ya rubuta a gefe,
a filin nan da na bar wa ƙusa.

Ya naɗe ta huɗu, ya ɗaga hula.
Ni na koma neman layin da tara take.